Zauren Tambaya da Amsa: Italiyancin Safiya, Daga Ƙarar Agogo Zuwa Ƙofar Wurin Aiki

Wasiƙun wannan makon sun zo ne daga 'yan'uwa mazauna Italiya, kuma kusan dukkansu a kan awa biyu ko ukun farko na yini suke tambaya, wato tsakanin tashi daga barci da shiga wurin aiki. Mun zaɓi bakwai. Abin da muka lura shi ne ba manyan kalmomi ke kayar da mutane ba, 'yan ƙanana ne masu harafi biyu ko uku, waɗanda kunne ke tsallakewa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'antar ƙarfe, da yamma kuma ina zuwa ajin koyon Italiyanci. Malamarmu ta ce kowa ya faɗi abin da yake yi da safe, na ce *sveglio alle cinque, lavo, vesto*. Sai ta yi murmushi ta ce wa nake tayarwa, wa kuma nake yi wa wanka. Har yau ban gane inda na kuskure ba. — Wani ma'aikaci daga Biresha

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kalmominka lafiya suke, *mi* ce ka manta a gida. A Hausa muna da “farka” daban, “tayar da wani” daban. Italiyanci kalma ɗaya yake amfani da ita, sai ya ɗora mata ɗan ƙaramin wakilin suna don a san aikin kan mai yinsa ya dawo. *Sveglio i bambini* ina tashin yara ne. *Mi sveglio* ni ne nake farkawa. *Lavo la macchina* wankin mota ne. *Mi lavo* jikina nake wankewa. Shi ya sa da ka ce *lavo* ka yi shiru, malamar ta zauna jiran abin da ake wankewa.

A ƙamus za ka ga irin waɗannan kalmomi suna ƙarewa da *-si*: *svegliarsi, alzarsi, lavarsi, vestirsi, prepararsi*. Wakilin sunan yana canzawa da mai magana: *mi sveglio* ni, *ti svegli* kai ko ke, *si sveglia* shi ko ita, *ci svegliamo* mu, *vi svegliate* ku, *si svegliano* su.

Shawararmu kada ka haddace su ɗai-ɗai kamar jerin kayan cefane. Ɗinka su bisa yadda safiyarka take tafiya, ka riƙa faɗa a fili kana aikatawa: *Mi sveglio alle cinque. Mi alzo subito. Vado in bagno. Mi lavo i denti. Faccio la doccia. Mi vesto. Faccio colazione. Esco di casa.* Wato ina farkawa ƙarfe biyar, in tashi nan take, in shiga banɗaki, in goge baki, in yi wanka, in sa kaya, in karya kumallo, in fita. Ka lura *vado, esco* da *faccio colazione* ba sa ɗaukar *mi*. Ka kuma lura “tashi” namu ya rabu biyu a nan: *svegliarsi* buɗe ido ne, *alzarsi* sauka daga gado ne, kuma a sanyin Janairu na yankinku na Lombardiya tsakanin biyun kan kai rabin awa.

Ba a cewa *mi lavo i miei denti*. Tunda ka ce *mi*, an san haƙoranka ne. Haka *mi metto le scarpe*, ina sa takalmi. *Doccia* wankan shawa ne. *Fare il bagno* shiga baho ne ko iyo a teku. Alwala da sallar asuba kuwa: *faccio le abluzioni e prego*. Wannan *prego* ita ce dai wadda ake mayar maka in ka ce *grazie*, domin asalinta “ina roƙo” ne.

In za ka ba da labarin abin da ya wuce, a nan ake yawan tuntuɓe. Waɗannan kalmomi da *sono* suke tafiya, ba da *ho* ba, kuma ƙarshensu yana bin jinsi: namiji ya ce *mi sono svegliato tardi*, mace ta ce *mi sono svegliata tardi*, na makara wajen tashi. Amma karin kumallo *ho fatto colazione* ne ga kowa.

Tambaya: Shugaban aikinmu ya ce in zo *alle sette meno un quarto*. Na ji *sette*, na ji *quarto*, sai na zo bakwai da kwata. Na tarar mota ta tafi. — Wani leburan gini daga Berigamo

Amsa: Ɗan'uwa, rabin awa cur ka yi asara saboda kalma ɗaya. *Meno* ita ce “saura”. Abin daɗin shi ne tsarin faɗin lokaci a Italiyanci ya yi daidai da na Hausa kalma da kalma: *sette meno un quarto*, bakwai saura kwata, *sette e un quarto*, bakwai da kwata, *sette e mezza*, bakwai da rabi, *otto meno dieci*, takwas saura minti goma. Don haka da zarar an faɗi awa, kasa kunne ga abin da ya biyo ta: *e* ne ko *meno*.

*Che ore sono?* ƙarfe nawa yanzu. Amsarta *sono le sette*. *A che ora?* da ƙarfe nawa za a yi abu. Amsarta *alle sette*. Ƙarfe ɗaya ne kaɗai ya fita daban: *è l'una*, *all'una*. A takardar aiki da jadawalin jirgi awa 24 ake ƙirgawa. Masana'antu da yawa suna juya aiki sau uku: 6 zuwa 14, 14 zuwa 22, 22 zuwa 6. *Alle quattordici* biyu na rana ne, *alle ventidue* goma na dare. In kana shakka, maimaita lokacin da lambobi: *Alle sei e quarantacinque, giusto?*, wato ƙarfe shida da minti arba'in da biyar, ko? Ba wanda zai ga laifinka.

Akwai wata baiwa da Bahaushe yake da ita wadda Turawa da yawa ke fama kafin su samu. Bakinmu ya saba bambanta “daba” da “dabba”, “mana” da “manna”. Italiyanci ma haka yake: *sete* ƙishirwa, *sette* bakwai, *sono* ni ne, *sonno* barci, *casa* gida, *cassa* wurin biyan kuɗi. Danna harafin da aka ninka kamar yadda kake yi a Hausa.

Agogon ƙararrawa sunansa *la sveglia*, ana furta shi kamar “zvelya”. *Metto la sveglia alle sei*, na saita shi ƙarfe shida; *non ho sentito la sveglia*, ban ji ƙararsa ba. A Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura agogo gaba da awa ɗaya, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da shi. Lokacin bazarar shi ake kira *ora legale*. Waya takan gyara kanta, agogon tebur ba ya yi. Da hunturu lokacin Italiya ɗaya yake da na Najeriya da Nijar, da bazara tana gaba da awa ɗaya.

Tambaya: Mu an rene mu da gaida manya. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da nake haɗuwa da ita a matakala kullum da safe. Na ce mata *ciao*, ta ɗaure fuska. Washegari na tambaye ta yadda ta kwana da lafiyar iyali, ta yi mini kallon mamaki. Yaya ake gaida su? — Wata matar aure daga Modena

Amsa: Hajiya, ranar farko kin yi kusa da yawa, rana ta biyu kin yi tsawo da yawa. *Ciao* gaisuwar sa'o'i ce, da yara, da waɗanda aka saba da su. Asalinta daga karin harshen birnin Benis ne, ma'anarta “bawanka ne”, amma yau ta sauka ta zama gaisuwar abokai. Dattijuwa ana ce mata *buongiorno, signora*, namiji kuma *buongiorno* kawai ya wadatar. In kina so ki ƙara, ki ce *come sta?* Shi ke nan, gaisuwa ta cika. *Ha dormito bene?*, wato an kwana lafiya, tambaya ce ta cikin gida, ga wanda kuka kwana rufi ɗaya ko marar lafiyar da kike jinya. A matakala sai ta ji kamar kina leƙa ɗakinta.

Yadda muke ce wa suruki ko babba “kun tashi lafiya?” alhali shi kaɗai ne, su ma suna da nasu: *Lei*, wadda a zahiri “ita” take nufi, amma ana yi wa namiji da mace. *Come stai?* ga ƙawa, *come sta?* ga babba. Wadda ta fi ruɗa sababbin zuwa ita ce *scusa* da *scusi*, wato “yi haƙuri”: *scusa* ta sabo ce, *scusi* ta girmamawa. Ki tsaya a kan *Lei* har sai ita da kanta ta ce *diamoci del tu*, wato mu daina wannan nesa-nesa. Babba ne ke buɗe wannan ƙofa.

*Buongiorno* ta haɗuwa ce, *buona giornata* ta rabuwa, kamar “a wuni lafiya”. In an faɗa miki, ki mayar da *grazie, anche a Lei*, ko *altrettanto*. Wanda za ki bari yana aiki, ki ce masa *buon lavoro*. Gaisuwar *salve* kuwa mafaka ce ga wanda ya rasa ta wace ƙofa zai shiga, amma ga dattijuwar nan ba mu ba ki shawararta ba.

Tambaya: Abokan aikina kullum sai sun ce *andiamo al bar* kafin mu shiga aiki. Ni Musulmi ne, ina ƙi, har sun fara ganin kamar ina gudun su. Da gaske giya suke sha da sassafe? — Wani matashi daga Padoba

Amsa: A'a, ɗan samari, kofi suke sha. *Bar* a Italiya da safe shi ne teburin mai shayi: a tsaye ake sha, minti biyar an watse. Akwai kwalaben giya a kan kanta, wannan gaskiya ne, kai za ka auna wa kanka. In ka yanke shawarar shiga, ga yadda abin yake.

A mashayar unguwa ana sha sannan a biya. A ta tashar jirgi da wuraren cunkoso kuwa sai ka fara zuwa *cassa* ka biya, a ba ka rasit, *scontrino*, ka ɗora shi a kan kanta, *banco*, ka faɗi abin da kake so. In ba ka san tsarin wurin ba, tsaya ka ga yadda na gabanka ya yi. Sha a tsaye, *al banco*, ya fi araha. Zama a tebur, *al tavolo*, a tsakiyar manyan birane yakan ninka kuɗin.

*Un caffè, per favore* zai kawo maka ɗan kofi mai kauri, kurɓi biyu, a ƙaramin kofin tangaran. Ba rowa aka yi maka ba, haka yake. *Macchiato* shi ne wanda aka ɗiga wa madara, *cappuccino* mai madara da kumfa a babban kofi, *lungo* mai ɗan yawan ruwa, *deca* marar sinadarin da ke hana barci, *caffè d'orzo* na sha'ir. In ka ce *latte* kawai, madara zalla za a miƙo maka. Shayi *tè* ne, kuma ba a sa masa madara sai ka ce *con latte*.

Kalmar da za ka kiyaye ita ce *corretto*. A zahiri “gyararre” take nufi, amma gyaran da barasa ake yi, galibi *grappa* ko *sambuca*, kuma a arewa maso gabas inda kake akwai masu shan sa tun da safe. In wani ya ce *te lo correggo?*, ka ce *no, grazie, non bevo alcolici*.

Sai abin haɗawa. Burodin nan mai siffar jinjirin wata, a Roma da kudu *cornetto* ake ce masa, a Milan da arewa *brioche*. *Vuoto* marar komai a ciki, *alla marmellata* mai jam, *alla crema* mai kirim, *al cioccolato* mai cakulan. Wasu da man shanu ake yin su, wasu da kitsen alade, *strutto*, wanda a Napoli ake kira *sugna*. Ba a ganewa da ido, sai an tambaya: *C'è strutto?* A girkin gargajiya kayan gashi irin su *sfogliatella* ta Napoli, *pasticciotto* na Lecce da *piadina* ta yankin Romagna na Italiya duk da kitsen alade ake yin su, *babà* kuma a barasa ake jiƙa shi. *Prosciutto, salame, mortadella, speck* da *pancetta* duk alade ne. Kada ka tsaya ga cewa *senza carne*, ba nama, domin wasu masu sayarwa ba sa lissafa yankakken *prosciutto* a cikin “nama”. Ka ce *senza maiale*, ba alade.

In wani ya ce *offro io*, shi zai biya. Gobe kai ma ka faɗa, domin zumuncin a nan yake. Da azumi ka ce *sto digiunando, è Ramadan*. *Quant'è?* nawa ne. *Da portare via*, zan tafi da shi.

Tambaya: Na samu aikin kula da wata tsohuwa a gidanta. Kofin da nake dafa mata a 'yar tukunyar nan kullum sai ta ce ya ƙone. Kuma ina son kalmomin da zan tashe ta da su cikin ladabi. — Wata 'yar'uwa daga Parma

Amsa: 'Yar'uwa, tukunyar sunanta *moka*, Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933, kuma kusan babu gidan da ba ta. Kashi uku ce: gindi, *caldaia*, inda ake zuba ruwa, mazurari, *filtro*, inda garin kofi ke zama, da sama inda kofin ke taruwa. Ruwa ya tsaya ƙasa da ɗan maɓallin da ke jikin gindin, *valvola*, kada ya rufe shi. Ki cika mazurarin ya yi daidai da baki, amma kada ki danna garin, domin in ya cushe ruwa ba ya ratsawa da sauƙi sai ɗaci ya fito. Wuta ƙarama, kada harshenta ya wuce gindin. Da kin ji ta fara gurnani ki sauke. Barin ta bayan nan shi ne ƙonewar da tsohuwar ke ji. In tururi na fita ta gefe, ko ba ki ɗaure da kyau ba ko robar, *guarnizione*, ta mutu. Ki wanke da ruwa zalla, domin yawancin tsofaffi ba sa yarda sabulu ya taɓa ta. *Metto su il caffè*, zan ɗora kofi. *È pronto*, ya yi.

Ga tsohuwar, da *Lei* za ki yi magana: *Buongiorno, ha dormito bene? Vuole alzarsi?* kina so ki tashi? *La aiuto io*, ni zan taimaka miki. *Si appoggi a me*, jingina da ni. *Piano piano*, a hankali. *Ha preso la pastiglia?* kin sha ƙwayar? A kan magani kuwa kada ki yi kirdado: *a digiuno* kafin a ci komai ne, *prima dei pasti* kafin abinci, *dopo i pasti* bayan abinci, *a stomaco pieno* sai ciki da abinci. Ki sa 'ya'yanta ko likita su rubuta miki a takarda ki manna a firji.

Tambaya: A allon tashar bas an rubuta 6.10 *feriale*. Na san *ferie* hutu ne, sai na ɗauka ta ranar hutu ce. Ranar Lahadi na yi ta jira ba ta zo ba. — Wani ma'aikacin sito daga Piyacenza

Amsa: Malam, wannan tarko ya kama mutane da yawa. *Ferie* hutun ma'aikaci ne, amma *feriale* ranar aiki ce, Litinin zuwa Asabar, sai in an rubuta *escluso sabato*, ban da Asabar. Lahadi da ranakun hutun ƙasa, irin su 25 ga Afrilu, 1 ga Mayu, 2 ga Yuni da 15 ga Agusta, su ne *festivo*. *Scolastico* kuwa motar da ke aiki lokacin da makarantu ke buɗe kaɗai.

Tikiti, *biglietto*, ana sayen sa a *tabaccheria*, shagon nan mai alamar T, ko a wurin mai jarida. Saye bai isa ba, sai ka buga shi a na'ura: *timbrare* ko *convalidare*. A bas na'urar tana ciki. Tikitin takarda na jirgin yanki kuwa a tasha ake bugawa kafin a hau. Wanda bai buga ba, in mai duba tikiti, *controllore*, ya zo, tara ce, *multa*. Tikitin gari na Roma minti 100 yake yi, na Milan minti 90. Mai fita kullum ya yi *abbonamento*, wato tikitin wata guda.

Su ma “hawa” da “sauka” suke cewa kamar mu: *salgo, scendo*. In an tambaye ka a bakin ƙofa *scende?*, ana nufin in ba za ka sauka ba ka ba da hanya. Kai kuma in za ka ratsa mutane ka ce *permesso*. A allon jirgi, *binario* layin da zai tsaya ne, *in ritardo* ya makara, *soppresso* ko *cancellato* an soke. *Sciopero* yajin aiki ne, kuma ana sanar da shi kwanaki kafin ranar; a ranakun aiki jiragen yanki na kamfanin jirgin ƙasa Trenitalia suna da lokacin da aka lamunce za su yi aiki ko ana yajin, 6 zuwa 9 na safe da 18 zuwa 21.

In ka makara, *sono in ritardo* ake cewa, ba *sono tardi* ba. *Ho perso l'autobus*, bas ta wuce ni. Ka kiyaye *tra* da *fa*: *arrivo tra dieci minuti*, zan iso nan da minti goma, *sono partito dieci minuti fa*, na taso minti goma da suka wuce. In ka isa: *mi scusi per il ritardo*.

Tambaya: In na tashi da zazzaɓi, me zan ce wa mai kamfani a waya? — Wani mai karatu daga Berona

Amsa: Ka kira kafin lokacin shiga aikinka, ba bayansa ba. Zai ɗaga ya ce *pronto*. Ka ce: *Buongiorno, sono* wane. *Oggi non posso venire, sto male, ho la febbre.* Yau ba zan iya zuwa ba, ba ni da lafiya, ina zazzaɓi. Abin da mu muke “ji”, su “suna da” shi: *ho fame, ho sete, ho freddo, ho mal di testa*, yunwa, ƙishirwa, sanyi, ciwon kai. Ka kuma kula da *f* da *p*, waɗanda bakinmu ke gaurayawa: *febbre* da haƙora a kan leɓe, *posso* da leɓɓa a rufe.

Waya kaɗai ba ta wadatar ga ma'aikacin kamfani mai kwantiragi. A ranar ka nemi likitanka, *medico di base*, ko likitan ko-ta-kwana, *guardia medica*, in dare ne ko ranar hutu. Shi zai aika takardar shaida ta intanet zuwa hukumar inshorar ma'aikata, INPS, ya ba ka lamba, *numero di protocollo*, ka tura wa kamfani. Daga nan likitan bincike na iya zuwa gidanka tsakanin 10 da 12 na safe ko 17 da 19, har Asabar da Lahadi. Wannan ita ce *visita fiscale*. Ka tabbata adireshin da ke kan takardar nan ne inda kake kwana, kuma sunanka yana rubuce a jikin ƙararrawar ƙofa, *citofono*, domin in ya zo bai ga sunan da zai danna ba, a matsayin wanda ba ya gida zai rubuta ka.